Zobe a Jikin Uwar Lemo

Shekara arba'in Mai Dashe ta yi tana aurar da itatuwa. Haka masu sana'ar suke kiran aikin: a yanko reshe daga bishiya mai daɗin 'ya'ya, a tsaga jikin wata mai ƙarfin saiwa, a haɗa su a ɗaure da leda har su zama jiki ɗaya. Bahaguwa ce, don haka wuƙarta ma gefe ɗaya ake wasawa, kuma ba gefen da kowa yake wasawa ba. Ba ta ba da aronta. Ko an ara ma ba za ta yi wa mai hannun dama amfani ba.

Lambun yana bayan gidan da aka haife ta. Katangar bulo, rumfar raga, layukan ƙananan dashe a baƙar leda, famfo mai ɗiga da aka ɗaure wa wuya da tsohuwar roba, da teburin ƙarfe mai ɗingishi. A kusurwa, dab da katanga, nan uwar lemo take. Mahaifinta ne ya dasa ta. Duk lemon zaƙin da ya taɓa fita daga lambun nan daga jikinta aka yanko reshensa, kuma saboda ita mutane suke wuce lambuna uku a hanya su zo nan. Mai Dashe ba ta taɓa barin wata ta girma kusa da ita ba. In bishiyar ta mutu, sai dai ta bi gidajen waɗanda ta sayar wa dashe tana roƙon reshe, tana bayanin yadda aka yi.

Bishiyar kuwa mutuwa take yi. Wata huɗu ke nan, kuma a tunanin Mai Dashe ita kaɗai ta sani.

Babu wanda zai kalle ta ya yarda. 'Ya'ya kore shar sun cika rassa har an sa mata matokari biyu. Masu sayen dashe sukan tsaya su ɗaga kai su riƙe baki. Ita kuma ta ce na gode, idonta yana kan buhun da ta naɗe gindin bishiyar da shi.

Ba ta yi nisa a makaranta ba, amma cikin itace ba baƙonta ba ne. 'Yarta, wadda kowa yake kira Malama don tana koyar da kimiyya, ta taɓa jan ta zuwa ɗakin gwajin makarantarsu, ta yanka kara siriri kamar takarda, ta sa a ƙarƙashin madubin nan mai girmama abu.

"Kin ga manyan ramukan nan na ciki, Mama? Bututun ruwa ne. Ƙananan nan na gefe, cikin ɓawo, su suke saukar da abinci."

"To sai me? Kakanki ya gaya mini wannan, bai ma rufe ido ɗaya ba."

Gaskiyarta. Tun tana budurwa ta san ba manyan saiwoyi suke shan ruwa ba, ƙananan nan ne masu kama da gashi. Ruwan ya hau ta cikin ƙashin itace har ganye. Ganye ya dafa abinci da hasken rana, yana numfashi ta ƙananan ƙofofin da ke bayansa. Abincin ya sauko ta cikin ɓawo zuwa saiwa, wadda ba ta taɓa ganin rana ba, sai abin da aka aiko mata daga sama. Tsakanin ɓawo da ƙashi kuma akwai wata fata mai santsi, ba ta kai kaurin ɓawon albasa ba. Ita Mai Dashe take kira rai. Aure ba ya kamawa sai ran reshe ya kwanta a kan ran gindi.

Su biyu mahaifinsu ya koya wa aikin, ita da ƙanenta Auta, wanda ta ba shekara goma. A shekararsa ta ƙarshe ya ba kowannensu dashe goma ya ce su aurar. Nata tara suka kama. Na Auta goma suka kama cif. Duk da haka tsohon ya bar lambun a hannunta, ya ce Auta ba ya zama wuri ɗaya. Auta ya tabbatar masa da maganarsa, ya bi manyan motoci shekara ashirin. Da baya ya hana shi tuƙi ya dawo gida, Mai Dashe ta buɗe masa ɗakin da ke bakin lambu, ta ba shi baro da tiyo da shebur. Wuƙa ce ba ta ba shi ba. In an tambaye ta takan ce hannun direba ya yi kauri. Amma lissafin tara da goma bai taɓa barin kanta ba, ko sau ɗaya kuma ba ta faɗe shi a fili ba.

Shekara biyu da suka wuce idonta ya fara hazo, kamar an shafa wa gilashi mai. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta koma aiki da babban yatsa, tana lalube tana hira don kada a lura. Dashen da suka ƙi kamawa ta ɗora wa zafi, ta ɗora wa ledar zamani. A daidai lokacin ne kuma uwar lemo ta ƙi fure, shekara ɗaya, shekara biyu.

Wata Asabar, Malama ta zo gaisuwa, suna zaune a inuwar bishiyar, Auta ya buga gindinta da tafin hannu.

"Yaya, tsohuwar nan ta gaji fa. Mu raini wata daga jikinta, in ta kawo ƙarfi mu sauke wannan ta huta."

"Kai ne ka gaji. Je ka kashe famfo."

Ya tafi yana dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ji maganar a ƙashinta, kuma ba bishiya ta ji yana nufi ba.

Akwai wata dabara da mahaifinsu yake yi wa reshen da ya ƙi haihuwa. A zagaye shi da wuƙa sau ɗaya, a yanke ɓawo kawai, kada a taɓa ƙashi. Ruwa zai ci gaba da hawa, amma abincin da ke saukowa zai tarar an rufe hanya, ya taru a sama, reshen ya ƙoshi ya ɓarke da fure. Kafin mako uku bakin yankan ya haɗe. Zobe suke kiranta. Sharaɗinta biyu ne: yanka ɗaya siriri, kuma a reshe, ba a gindi ba, don sauran rassa su ci gaba da ciyar da saiwa.

Mai Dashe ba reshe ɗaya take so ba. So take bishiyar gaba ɗaya ta yi fure a gaban Auta.

Ranar da ya tafi ɗebo taki ta durƙusa a gindin, ta kafa wuƙa, ta zagaya. Da ta dawo inda ta fara, yatsanta ya gaya mata bakin yankan bai haɗu ba, ya sauka ƙasa sosai. Maimakon ta bari, sai ta sake zagayawa don ta gyara. Lokacin ruwa ne, ɓawo yana saɓulewa da kansa. Abin da ke tsakanin yanka biyun ya biyo hannunta kamar ɗamara, faɗin yatsa uku. Hankalinta ya tashi, ta kama gefen zane ta goge wurin don ta gani da kyau. Sai da ta goge ta tuna abin da take gogewa. Santsin nan ne, wanda da an bar shi zai iya sake gina ɓawo.

Ta shafe wurin da laka, ta naɗe da buhu, ta ce akuyar maƙwabta ce ta fara gwaguyar gindin.

Bishiyar ta yi furen da ba ta taɓa yi ba. Ƙamshi har bakin titi. Auta ya tsaya a ƙarƙashinta ya ce, "To, na janye maganata." Daɗin da Mai Dashe ta ji a ranar bai kai yamma ba. Ta san sama tana biki, ƙasa tana yunwa. Ba da jimawa ba gindin ya fara fitar da tsiro ta ƙasan buhun, irin na lemon tsamin da aka aurar da bishiyar a kansa. Masu dashe suna kiran irin wannan tsiro ɓarayi, don suna sace ƙarfin bishiya, kuma duk inda suka gan su cirewa suke yi. Kowace safiya, kafin Auta ya fito, takan lalube su ta tsinke ta tura cikin aljihu.

Ranar Asabar ɗin da asiri ya tonu, tana kan tebur tana cika leda da ƙasa ta ji ƙarar shebur daga kusurwa. Ta ajiye ledar.

"Me kake tonowa a nan?"

"Zo ki gani."

Ya miƙo mata ganye. Ba ta ga komai ba sai kore-kore, amma ta juya shi kamar mai dubawa.

"Jijiyoyinsa sun yi ɗorawa, jikinsa kore. Ba ƙishirwa ba ce." Ya sa hannu a ramin ya ɗebo ƙananan saiwoyi. Ya ja ɗaya tsakanin yatsu, fatarta ta zame ta bar zare. "Ki shinshina. Ruɓewa suke yi."

"Ruwa ne ya yi yawa. Na sha gaya maka tiyon nan..."

Bai saurare ta ba. Ya durƙusa, ya kama igiyar buhun.

"Bar shi!"

Ya riga ya kwance. Lakar ta zube. Zoben ya fito fili, busasshen ƙashi fari fat, samansa ya kumbura kamar leɓen da aka mara, ƙasansa ya tsuke. A daidai nan Malama ta shigo da sallama, jaka a kafaɗa. Ta ga kawunta a durƙushe, buhu a hannu, shebur a gefe, rami a gindin bishiya. Ta ga zoben. Ita da take zana wannan a allo duk shekara ba ta bukaci bayani ba.

"Wa ya yi wannan?"

Auta ya ɗora babban yatsa a bakin yankan, ya bi shi a hankali har ya zagayo. Sannan ya ɗago ya dubi yayarsa.

"Yaya, kin ga wannan?"

"Na gani."

"Kawu," in ji Malama, "ba kai ka ce a sauke ta ba? A gabana ka faɗa. An hana ka, shi ne ka bi ta ƙasa?"

"Ke 'yar nan, ki iya bakinki."

"Ba zan iya ba! Akuya ce take zagaye bishiya da wuƙa? Mace ta ɗauke ka, ta ba ka ɗaki, ta ba ka abinci, abu ɗaya da kakana ya bari ka sa masa hannu? Mama, ki yi magana mana!"

Kalma biyu ce kawai: ni ce. Suna bakin Mai Dashe, ta ji nauyinsu a harshe. Amma bayansu akwai tambaya ta biyu, yaya aka yi hannunki ya kuskure, kuma bayan wannan akwai ido, bayan ido kuma akwai wuƙa da wanda zai karɓe ta. Sannan akwai wani abu da ba ta so ta duba: ganin Auta a durƙushe ana masa faɗa ya sanyaya mata wani wuri da ya daɗe yana zafi.

"Ya isa," ta ce. "Ki bar shi. Allah ya ga komai."

Da ta zage shi ma da ya fi sauƙi. Auta ya miƙe yana dafe da baya, ya kakkaɓe gwiwa, ya jingina shebur a katanga.

"Akwai abokina da ya daɗe yana nema mini gadi a garejinsu. Zuwa Laraba zan ba ku ɗakin."

Ya shige. Malama ta zauna tana kuka, tana cewa za ta tambayi malamin gona na makarantarsu ko akwai magani.

Magani akwai, kuma Mai Dashe ta san shi. Gada ake yi. A yanko ƙananan rassa, a cusa ƙasansu a ɓawon da ke ƙarƙashin zobe, a cusa samansu a ɓawon da ke bisa, su zama hanyar da abinci zai bi ya tsallake. Da ta yi tun ranar farko da yanzu an manta. Amma gada ba ta ɓoyuwa a buhu, kuma aiki ne na ido: kowane baki sai ya kwanta a kan rai daidai. Yanzu ruwa yana ɗaukewa. Kwana kaɗan suka rage ɓawo ya manne da ƙashi, ba zai sake ɗagowa ba sai baɗi. Saiwar ba za ta kai baɗi ba.

Washegari da safe ta gwada ita kaɗai. Reshe na farko ta fere shi ya yi gajere. Na biyu ta ajiye shi a cinya, ta ɗauka, ta kasa gane ina sama ina ƙasa, kuma reshen da aka sa a kife ba ya wuce da abinci. A na uku wuƙar ta zame ta shiga yatsanta. Ta zauna a ƙasa tana tsotsar jinin, tana jin ƙarar jan akwati daga ɗakin bakin lambu.

Litinin ta wuce ba su yi magana ba. Ranar Talata ta tsaya a ƙofarsa. Katifa a naɗe, takalma a leda.

"Auta."

"Na'am."

"Gada take bukata."

"Kin fi ni sani."

"Yatsana ya yanke."

Ya dubi tsumman da ta ɗaure yatsan da shi, ya daɗe yana dubansa. Sannan ya buɗe akwatin, ya zaro wani abu a naɗe cikin hankici. Wuƙar aure ce ta hannun dama. Da ya wuce ta gabanta ta miƙa hannu ta taɓa bakin wuƙar. Ba jiya aka fara wasa wuƙar nan ba. Shekara uku yana tura baro, yana wasa ta a ɗaki.

Ya hau tsani ya zaɓo rassa bakwai masu kaurin fensir, na bara, miƙaƙƙu. Kowanne ya sauko da shi sai ya ɗan tsaga samansa don kada ya rikice. Ya ce ta narka kakin zuma, ta kawo ƙananan ƙusoshi da leda. Shekara arba'in ba wanda ya aike ta a lambun nan. Ta je ta kawo.

Ɓawon sama ya ɗago ba gardama, jiƙe, kore a ciki. Na ƙasa ne ya ƙi. Ya sa bakin wuƙa ta ɓangaren famfo, ya kankare kaɗan.

"Ya mutu nan. Launin ƙasa."

Ya matsa gaba. Ya sake kankarewa. Nan ma haka. Ta riƙe gwangwanin kakin har ya fara ƙona mata hannu ba ta sani ba.

"Nan da saura. Ba yawa." Ya tsaga, ya ɗaga a hankali kamar mai buɗe ciwo. "Miƙo na farko."

Ya fere bakin reshen da ja ɗaya, ba gyara. Ko da hazon idonta ta gane, daga sautin kawai. Ya cusa ƙasa, ya lanƙwasa reshen kaɗan, ya cusa sama, ya buga ƙusa. Ta shafa kaki. Suka yi na biyu, suka yi na uku.

"Wanda ya yi zoben nan," ya ce, bai ɗago ba, "daga dama ya zagaya zuwa hagu. Bakin yankan ma ta can ya kwanta. Ni ko an sa mini bindiga ba zan iya yanka haka ba."

Kakin ya ɗiga a ƙafarta.

"Ban tambaye ki wa ya yi ba, Yaya. Tun yaushe idon?"

"Wane ido?"

"Ganyen da na miƙa miki ran Asabar, bayansa kika duba."

Ta goge kakin daga ƙafarta. Famfo yana ɗiga.

"Shekara biyu."

"Hm."

Ta lalubi bayan gindin don ta gyara zama, wajen da ya matse da katanga, hannunta ya ci karo da ƙaya. Ɓarawo ne, ya kai tsawon kamu, ya ɓuya inda ba ta taɓa kaiwa ba. Kafin ta yi tunani yatsunta sun kama shi za su karya. Auta ya cafke wuyan hannunta.

"Kada ki kuskura! Ganyen nan shida su kaɗai suke aika wa saiwa abinci. Ba don ɓarawon nan ba da tuni mun yi itacen wuta." Ya sake ta. "Sauran fa? Bishiyar da aka shaƙe takan fitar da su da yawa."

"Na cire."

"Kin cire."

"Kullum da safe."

Ya yi wata dariya marar daɗi. "Na sani. Ina ganinki ta taga."

Ta juyo gaba ɗaya. "Kana ganina?"

"Tun wata biyu na ga kumburin ya leƙo ta saman buhu. Wace akuya ce take sa bishiya fure haka?"

"Ka sani wata biyu, ka yi shiru? Kana kallo tana mutuwa?"

"Ke wata nawa kika yi?" Ya goge wuƙar a wando. Muryarsa ta sauka. "Cewa na yi bari in ga iya gudun ruwanki. In ga ranar da za ki zo ƙofata da ƙafarki. Ina jira, saiwa tana ruɓewa. Da na ga ba za ki zo ba na ɗauki shebur. Wata biyun nan laifina ne, ba zan ɗora miki ba."

Ta zata ita kaɗai take amfani da bishiyar don ta ci ɗan'uwanta da yaƙi.

Ya yanke kan ɓarawon, ya bar masa ganyensa na ƙasa, ya fere, ya cusa shi a ɓawon da ke bisa zoben. Suka ƙarasa sauran gadojin, biyu daga ciki a wurin da shi kansa ya ce caca ce. Ya naɗe duka da leda. Sannan ya miƙe da ƙyar, ya ɗaga kai.

"Saura 'ya'yan."

"Me suka yi?"

"Duk abin da ganye ya dafa su suke shanyewa. In gada ta kama, me za ta sauke? Sai an zubar da su. Duka."

"Rabi."

"Duka, Yaya."

"Wata biyu ya rage su nuna! Mutane sun gani, suna jira..."

"To ki zaɓa. Mutane ko saiwa."

Ya zauna a kan baro ya juya mata baya. Ta tsaya a ƙarƙashin rassan. Domin waɗannan ta yi abin da ta yi, kuma su kaɗai ne shaidar cewa hannunta bai mutu ba. Ta miƙa hannu, ta lalubi na farko, mai tauri, mai sanyi, ta murɗe shi. Ya faɗi ƙasa tim. Ta murɗe na biyu. Da ta gama da na ƙasa ta jawo tsani da kanta. Bai ce ta sauko ba, ya dai taso ya riƙe mata ƙafar tsanin.

Suna cikin haka Malama ta shigo daga makaranta, da takardar da malamin gona ya rubuta mata. Ta tsaya cak. Ƙasa ta rufe da ɗanyen lemo.

"Kawu! Bai ishe ka ba? Sai ka ga bayanta kafin ka tafi?"

"Ni nake zubarwa," in ji Mai Dashe daga kan tsani. "Kuma ni na yi zoben."

"Mama, kada ki rufa masa..."

"Ki duba yankan. Ba ke ce mai madubi ba? Na hannun hagu ne."

Malama ta dubi ledar, ta dubi kawunta, ta dubi uwarta. Takardar ta nannaɗe a hannunta.

"Kika bar ni na zage shi? Kina tsaye?"

"Ina tsaye."

"Don me?"

Mai Dashe ta murɗe wani lemon. "Idona ba ya gani sosai," ta ce. Ba amsar tambayar ba ce, kuma duk su ukun sun sani. Malama ta durƙusa a gaban Auta tana ba shi haƙuri, ya ce ta tashi kada ta ɓata kayan aiki, in tana son lada ta ɗauko kwando.

Laraba ta zo ta wuce. Akwatin yana nan a ɗaure, bai kwance ba, bai kuma tafi ba. Ya ce sai ya ga abin da gada za ta yi.

Mako biyar suka jira. Ganye ya ci gaba da zuba, har Mai Dashe ta daina sharewa don kada ta ji yawansa a tsintsiya. Masu sayen dashe suna tambaya ina lemon nan, tana cewa an rage wa bishiyar kaya. Malama ta kai ta asibitin ido, aka ba ta rana.

Da safiyar da suka cika mako biyar Auta ya yanke ledar. Ya bi gadojin ɗaya bayan ɗaya yana ɗan kankarewa da farce, yana faɗa mata.

"Wannan ya bushe. Wannan ma. Na uku... kore. Ya yi kauri ma." Ya matsa. "Kore. Kore. Bushe. Kore."

"Ɓarawon fa?"

"Ya kama kamar da can a nan aka haife shi."

Ya tona ƙasa ta ɓangaren katanga, ya daɗe yana bincike da yatsa, sannan ya ɗora mata wani abu a tafin hannu. Siririyar saiwa ce sabuwa, mai ƙarfi. Ta ja ta, fatar ba ta zame ba. Ta ɓangaren famfo kuwa ya tona har gwiwar hannu bai sami komai ba sai ruɓa.

"Rabin saiwa ba zai ɗauki kan nan duka ba," ya ce. "Babban reshen nan na kan famfo sai ya sauka. Za ta rayu, amma a karkace. Kuma kada ki sa ran lemo shekara biyu."

Ta ɗaga kai. Reshen ya kai kaurin cinya, shi ne rabin inuwar lambun.

"Zarton yana bayan ƙofar ɗakina," ta ce. "Ka fara ta ƙasa kafin ka yanko ta sama, kada ya yage mata ɓawo."

"Na sani, Yaya."

"Na san ka sani. Ka dai fara ta ƙasa."